Yadda muke haɗa rahoton shekara na ɗan Majalisar Wakilai

Ina cikin mataimaka biyar da ake ɗaukar wa kowane ɗan Majalisar Tarayya, kuma a ofishinmu ni aka ɗora wa haɗa rahoton ƙarshen shekara, wanda ake bugawa a raba wa mutanen mazaɓa, a kuma karanta a rediyo. Maigidan namu yana wakiltar ƙananan hukumomi biyu ne a Arewa maso Yamma. Ƙa'idar da nake bi guda ɗaya ce: ba na rubuta aiki sai na faɗi matakin da yake. An saka shi a kasafi ne kawai? An ba da kwangila? An kammala? Ko kuwa jama'a sun fara amfani da shi? Galibin rigimar da ke tashi tsakanin ɗan majalisa da mutanensa daga cakuɗa waɗannan matakai huɗu take samo asali. Sai a je rediyo a ce "mun kawo wa gari kaza ruwa", alhali layi ɗaya ne a cikin kundin kasafi, ko ƙusa ba a kafa ba. Mutanen garin kuwa suna ji, suna kallon jarkokinsu.

Da aikin zaure nake farawa, don shi ne ya fi sauƙin tantancewa. Sashe na 63 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta wa majalisa zaman kwana 181 aƙalla a shekara. Ana zama Talata, Laraba da Alhamis, sannan a tafi dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Sashe na 68 ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zama ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba zai iya rasa kujerarsa. Don haka kowane mako nakan ajiye jadawalin zama da kundin abin da aka zartar, in sa alama a duk inda sunan maigida ya fito. In ka bari sai Disamba, ba za ka taɓa haɗa su ba.

A ƙudirin doka ne aka fi yi wa jama'a rufa-ido. Karatu na farko sunan ƙudirin kawai ake karantawa, babu muhawara, babu ƙuri'a. Mutum zai iya jera ƙudiri ashirin a wannan mataki ya buga fosta, alhali ko ɗaya bai motsa ba. Aikin gaske a karatu na biyu yake farawa: sai kwamitin tsara jadawali ya ba ka rana, ka zo da jawabin kare ƙudirin, ka kuma riga ka zagaya ka nemi waɗanda za su tashi su mara maka baya. In ya wuce, sai kwamiti, sai zaman jin ra'ayin jama'a, kuma a nan ƙudirori da yawa suke kwana, domin zaman yana cin kuɗi, kwamiti kuma ba ya kiran sa saboda ƙudiri ɗaya sai ya tara da yawa. Bayan karatu na uku sai Majalisar Dattawa ta amince da shi kalma da kalma, sannan Akawun Majalisa ya miƙa wa shugaban ƙasa, wanda sashe na 58 ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Duk abin da bai kai gaci ba kafin wa'adin shekara huɗu ya cika, ya mutu, galibi sai a sake daga farko. Dokar man fetur tun 2008 aka fara kai ta majalisa, sai a Agustan 2021 aka sa mata hannu. Saboda haka nakan rubuta ƙudiri biyu ko uku da suka tsallake karatu na biyu dalla-dalla, sauran in haɗa su a layi ɗaya. Ra'ayina kuma, yawancin ƙudirorin kafa sabuwar kwalejin tarayya a kowace mazaɓa ɓata takarda ne, tunda ko an sa hannu, sai an nemo kuɗin gini da na ma'aikata.

Ƙudirin jan hankali, irin wanda ake kawowa bayan ambaliya ko harin 'yan bindiga, abin da yake haifarwa matsaya ce, ba doka ba. Ma'aikata tana iya karɓa ta ajiye a durowa. Abin da ke sa ya yi tasiri shi ne haɗa shi da hujja tun kafin a shiga zaure: sunayen ƙauyuka da rubutunsu daidai, adadin gidajen da suka rushe daga hukumar agajin gaggawa ta jiha, da hotuna. Bayan an zartar, ba ma jiran wasiƙa ta bi hanyarta. Mukan ɗauki kwafi mu kai da hannu, a buga mana hatimin karɓa da kwanan wata. Wannan hatimin nake sawa a rahoto, tare da abin da ya biyo baya, ko da ba komai ne ya biyo ba. Haka nan takardun ƙorafi na waɗanda aka kora daga aikin tarayya ko aka riƙe wa fansho. Sai da sa hannun mai ƙorafin da adireshinsa, kuma in maganar tana gaban kotu kwamitin ƙorafe-ƙorafe na majalisa ba zai taɓa ta ba, don haka tambayar farko da muke yi wa mutum ita ce ko ya riga ya shigar da ƙara.

Sai ayyukan mazaɓu, waɗanda su ne mutane suke kira romon dimokuraɗiyya, su ne kuma suke cin kashi mafi yawa na lokacinmu. A shekarun baya an daɗe ana ware naira biliyan 100 a shekara domin rabawa tsakanin sanatoci 109 da wakilai 360, ban da abin da mutum zai iya samu ta kwamitocinsa. Kuɗin ba ya shiga asusun ɗan majalisa. Shi dai yana zaɓar aikin da wurin da hukumar da za a ajiye shi a ƙarƙashinta. Hukumar ce take tallata kwangila ta kuma biya, bisa dokar sayen kayan gwamnati ta 2007. Wannan bayanin kullum shi nake sawa a shafin farko, don har gobe akwai masu ɗaukan cewa a jaka ake miƙa masa.

Lokacin da aka fi yin asara shi ne lokacin cike fom. Da zarar an gabatar da kasafi, kwamitin kasafi yakan turo fom ya ba da 'yan kwanaki kaɗan. Kasafin 2024 an gabatar da shi ranar 29 ga Nuwamban 2023, aka sa masa hannu ranar 1 ga Janairu, ka ga babu lokacin komawa gida tambayar dagatai. Shi ya sa muke tattara buƙatu tun hutun Agusta, gunduma-gunduma, mu jera su bisa fifiko, mu samo ƙiyasin kuɗi daga injiniya. Yadda aka rubuta aikin a fom shi ne makomarsa. In ka rubuta "samar da ruwa a zaɓaɓɓun garuruwa", ka buɗe ƙofar da kowa zai shiga, kuma babu mai iya bibiya. Mu mukan rubuta sunan garin, gunduma, ƙaramar hukuma, irin rijiyar, da girman tanki. Zaɓen hukuma ma haka. Rijiya a kai ta hukumar raya kogunan yankin, wutar karkara a kai ta hukumar lantarkin karkara, aji a kai hukumar ilimin bai-ɗaya. Wasu sukan cusa fitilun titi a cibiyar binciken noma da ke can wata jiha saboda sun san shugabanta. Abin da ke biyo baya shi ne babu injiniyan da zai zo duba aikin, in ma ya zo, ba fanninsa ba ne.

Adadin da ke cikin kasafi ba shi ne yake sauka a ƙasa ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5, akwai harajin da ake cirewa tun daga tushe, akwai kuɗin sa ido, akwai ribar ɗan kwangila, sannan a riƙe kashi 5 na wasu watanni don gyaran abin da ya lalace. Bayan wannan kuma sakin kuɗin kansa ba ya zuwa gaba ɗaya. Ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 sai da aka tsawaita shi har ƙarshen 2025, wato a rahoton shekara guda kana ɗauke da ayyukan kasafi biyu, dole ka raba su ko ka ƙirga abu ɗaya sau biyu. Tsadar kaya ma ta yi ɓarna. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da barin kasuwa ta tsayar da darajar naira, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, ƙiyasin da aka yi da tsohon farashi ya tashi daga aiki. 'Yan kwangila da dama suka karɓi kafin alƙalami, suka kai gini linta, suka ɓace. Tun daga nan muka gwammace aiki uku da kuɗinsu ya isa a kan guda goma da za a bari rabi da rabi.

Rijiyar burtsatse ita ce aka fi nema, ita ce kuma ta fi mutuwa. A yankinmu ƙasa dutse ne, ruwa a tsagar dutse yake, don haka in ba a yi gwajin ƙasa ba kafin haƙa, caca ce. Matsalar ita ce kowane mai faɗa a ji yana son ta a ƙofar gidansa, na'ura kuwa ba ta san gidan kowa ba. Mukan nemi rahoton gwajin a rubuce, mu sa a auna zurfin ramin a gabanmu da igiya mai nauyi a baki, domin ana rubuta mita 60 a takarda a haƙa 35. Wadda aka haƙa da damina tana iya ruɗin mutum. Sai Afrilu ake sanin gaskiyarta. A sa a yi gwajin jan ruwa na awanni, a ga ko tana mayarwa, kafin a zaɓi girman famfo, don famfon da ya fi ƙarfin rijiya iska zai ja ya ƙone. Farantan sola a ɗaure su da walda a sama, a kewaye da waya. Filin kuma a samu takardar bayarwa da sa hannun mai shi da na dagaci, in ba haka ba wata rana magada za su sa kwaɗo su fara sayar da ruwan. Ba na rubuta rijiya a layin "ana amfani" sai na ga kwamitin unguwa mai ma'aji, da ɗan abin da suke karɓa a kan jarka don gyara.

Taransfoma ma tana da nata. Sayen ta da girka ta abu ɗaya ne, haɗa ta da layi kuma sai kamfanin rarraba wuta ya duba ya amince, don haka tun kafin a saya muke rubuta masa. Ajujuwa da ɗakin shan magani kuwa, gwamnatin tarayya gini take yi, malami da ma'aikacin lafiya na jiha ne da ƙaramar hukuma. In ba a samu alkawarinsu a rubuce ba, ginin zai zama makwancin awaki.

Rabon kayan sana'a, wato keken ɗinki, injin markaɗe, babur da injin ban-ruwa, ya fi komai daɗin hoto, ya kuma fi komai wuyar tantancewa. In aka ba wanda ba sana'arsa ba ce, kafin la'asar kayan suna kasuwa a rabin kuɗi, dillalai ma a bakin ƙofar taron suke jira. Gara a bi ta ƙungiyar teloli ko ta manoman rani su kawo sunaye, a rubuta lambar kowane inji a gaban sunan mai shi, a koma bayan wata uku. Adadin da aka tarar a hannun masu shi nake bugawa, ba wanda aka raba ba. Maigida bai so wannan ba da farko. Ya ce, "Malam, wannan ai rage mana maki kake yi." Na ce, "Ranka ya daɗe, abokan hamayya ma suna da ƙirgensu, gara namu ya riga nasu fita." Ga kuma hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, wadda tun 2019 take bin ayyukan mazaɓu tana tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aiki, ga masu sa ido na Tracka, shiri mai zaman kansa na bibiyar ayyukan gwamnati, da ke yawo da kundin kasafi a waya.

Kuɗin asibiti, kuɗin jarrabawa, gudummawar biki da ta rasuwa, da abincin azumi, waɗannan daga aljihunsa ne, shafinsu daban, kuma ba ma sa sunan kowa. Wanda aka biya wa kuɗin tiyata bai ba ka izinin tallata shi ba. Samar da aikin gwamnati kuwa, ba na ƙirga wanda aka ba takardar ɗauka kawai, sai wanda ya fara karɓar albashi, saboda takardun bogi sun yi yawa.

Kafin a kai maɗaba'a, kowane aiki sai ya samu lambarsa ta kasafi, sunan hukumar da ke riƙe da shi, hoto mai kwanan wata, da tabbacin mutum ɗaya daga garin wanda ba ɗan jam'iyyarmu ba, kamar limami ko shugaban makaranta. Inda hukuma ta ƙi ba mu bayanin abin da ta biya, mukan rubuta mata bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ta kwana 7 ta amsa. Shafin ƙarshe na ayyukan da suka tsaya ne, kowanne da dalilinsa: kuɗi bai fito ba, ɗan kwangila ya gudu, ko rigimar fili. A taron da ake yi a kowace ƙaramar hukuma da wannan shafin muke farawa, a karanta da Hausa, a ba mutane makirfo. Duk aikin da ya tsaya saboda ƙarancin kuɗi shi ne yake shiga layin farko a fom ɗin shekara mai zuwa, da suna iri ɗaya da hukuma iri ɗaya, a rubuta masa "kammalawa" a gaba, kafin a saka sabon aiki ko ɗaya.