Mound Bayou: na tafi neman gwarzo, na tarar da shekarar 1890

Iyayen yaran da muke tarawa ranar Asabar a nan Memfis ne suka ɗora mini nauyin shirya darasin tarihi, su kuma suka ce a fita da yaran su gani da ido. Ban yi wata-wata ba na zaɓi Mound Bayou, wani ƙaramin gari a jihar Misisipi. 'Ya'yanmu da aka haifa a ƙasar nan, duk abin da suke ji game da baƙar fatan Kudancin Amurka bai wuce bauta da bulala da rataya ba. Ni kuwa so nake su ga garin da 'yantattun bayi suka sare daji suka gina da hannunsu, suka kafa bankinsu da asibitinsu, suka zaɓi magajin garinsu. Burina ke nan, kuma garin bai ba ni kunya ba. Sai dai akwai shekara guda a tarihinsa da ta tsaya mini a maƙogwaro, har yau ban gama haɗiye ta ba.

Daga Memfis mil ɗari ne ko da ɗan ɗoriya, a kan titi mai lamba 61, a miƙe kudu. Da zarar ka gangaro daga tudun Memfis ka shiga yankin da ake kira Delta, ƙasa ta kwanta shar, ba tudu ba gangare har inda ido ya ƙare. Wannan Deltar ba can bakin teku take ba inda kogin Misisipi ke zubewa. Fadama ce ƙatuwa tsakanin kogin Misisipi da kogin Yazoo, tsawonta kusan mil 200, wadda ambaliyar dubban shekaru ta shimfiɗa wa baƙar ƙasa mai albarka. Za ka wuce Clarksdale, ka wuce Shelby, in ka isa Cleveland to ka zarce. Garin na cikin gundumar Bolivar, faɗinsa bai cika murabba'in mil ɗaya ba, kuma sabon titi ya kauce masa, sai ka ratse ka bi tsohon. Gonakin da ke kewaye yau na waken suya ne da shinkafa da masara, audugar da ta gina garin ta zama ɗaya daga cikin amfani kawai.

Wanda ya ga wannan fili yau ba zai yarda cewa a 1887 ƙungurmin daji ne mai ruwa kwance ba, cike da sauro da macizai da namun dawa. Wannan ne ma sirrin yadda baƙar fata suka sami filin. Kamfanin jirgin ƙasa ya shimfiɗa layi tsakanin Memfis da New Orleans, yana da filaye a gefen layin, yana neman masu sare daji su zauna don ya sami kayan dako, fararen fata kuwa zazzaɓi ya hana su sha'awar wurin. Isaiah Montgomery da ɗan'uwansa Benjamin Green suka sayi eka 840 a kan dala 7 kowace eka, kusa da wani tudun ƙasa da mutanen asalin Amurka suka tara tun zamanin da, a mahaɗar wasu ƙoramu biyu. Dukansu an haife su cikin bauta a Davis Bend, kudu da Vicksburg, a gandun Joseph Davis, yayan Jefferson Davis wanda ya shugabanci jihohin Kudu a yaƙin basasa. Mahaifin Isaiah, Benjamin Montgomery, har sayen gandun ya yi bayan yaƙi a kan dala 300,000 bashi, ambaliya da faɗuwar farashin auduga suka karya su, a 1881 filin ya koma hannun dangin Davis. To da wannan ciwon asarar Isaiah ya shigo Delta. Ya riga ya ga yadda ƙasa ke suɓucewa daga hannun baƙar fata.

Abin da suka yi cikin shekara ashirin da biyar abin jinjina ne. Garin ya sami rajistar hukuma a 1898. Charles Banks ya buɗe banki a 1904. Wajen 1907 iyalai kimanin 800 ne ke zaune a garin da ƙauyukan kewaye, suna riƙe da eka kusan 30,000, kuma a shekarar ce shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya tsayar da jirgin ƙasansa ya yi musu jawabi. A 1912 Booker T. Washington, fitaccen malami kuma jagoran baƙar fata na zamanin, ya zo buɗe masana'antar man angurya. Duk wannan na tsara shi tsaf a takarda, da hotunan gidan Montgomery na jan bulo wanda aka gina a 1910, yana nan tsaye har yanzu.

Ina cikin cike giɓin shekarun farko ne na ci karo da 1890. A shekarar jihar Misisipi ta kira taron rubuta sabon tsarin mulki, kuma masu kiran ba su ɓoye manufarsu ba: a raba baƙar fata da ƙuri'a, alhali su suka fi yawa a jihar a lokacin. Cikin wakilai 134, baƙar fata ɗaya ne tak, shi ne Isaiah Montgomery, mai wakiltar Bolivar. Aka sa shi a kwamitin da ya tsara sharuɗɗan zaɓe. Aka kawo harajin kai na dala 2 kafin mutum ya yi zaɓe, aka kawo jarrabawar karanta wani sashe na tsarin mulki ko fassara shi yadda zai gamsar da mai rajista, wanda farar fata ne, shi ke yanke wa ya gane wa bai gane ba. Montgomery bai yi shiru ba, bai fice daga zauren ba. Tashi ya yi ya yi doguwar magana yana goyon baya, da bakinsa ya lissafa cewa dokar za ta cire baƙar fata kusan 123,000 daga rajista da farar fata kusan 11,000, ya kira abin sadaukarwa domin zaman lafiya, sannan ya jefa ƙuri'ar amincewa.

Na karanta wannan na ajiye takardun, na rasa inda zan sa kaina. Yawancin gajerun bayanan da na fara da su ko dai sun tsallake shekarar, ko sun taɓa ta da layi ɗaya kamar wani ɗan tuntuɓe. Ba tuntuɓe ba ne. Sauran jihohin Kudu daga Misisipi suka kwafi dabarar, ɗaya bayan ɗaya. Shekara saba'in da huɗu bayan taron, a 1964, baƙar fatan Misisipi da ke da rajistar zaɓe ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba, sai da gwamnatin tarayya ta yi dokar 'yancin zaɓe a 1965 aka fara warware ƙullin. Har yau akwai sashen wannan tsarin mulki da ke hana waɗanda aka samu da wasu laifuffuka zaɓe har ƙarshen ransu. Masu kare Montgomery na cewa da shi da babu shi dokar za ta wuce, garinsa kuma shekararsa uku kacal, kewaye da maƙiya, tilas ya sayi lafiyarsa. Na fahimci tsoron. Mutumin da ya ga an karɓe Davis Bend ya san abin da za a iya yi wa Mound Bayou a dare ɗaya. Amma da ƙuri'ar mutum dubu ɗari da ashirin da uku ya biya, ba tasa ba ce, kuma ba wanda ya tambaye su. Frederick Douglass, tsohon bawan nan da ya yi fice wajen yaƙi da bauta, ya yi masa raddi tun a lokacin, ni ma ina bayan Douglass.

Batun yawan jama'a shi ma ya koya mini hankali da lamba. Ƙidayar 2020 ta ba garin mutum 1,534, kusan dukkansu baƙar fata. A 2000 sun haura 2,100, a 1980 sun kusa 3,000. Wanda ya ɗauki waɗannan kawai zai ce ai garin bai taɓa girma ba, me ake zuzutawa? Abin da ya kamata a sani shi ne ƙidaya na lissafa waɗanda ke cikin iyakar gari ne kawai, ƙarfin Mound Bayou kuwa a gonakin kewaye yake, wurin manoman da ke shigowa kasuwa da banki da makaranta da coci. In kana son ganin irin zubewar jama'ar da aka yi, duba gundumar baki ɗaya. Bolivar ta haura mutum 70,000 a 1930, a 2020 ba ta wuce kimanin 31,000 ba. Fiye da rabi sun tafi. Bankin Banks ya rushe a 1914, farashin auduga ya faɗi warwas bayan yaƙin duniya na farko, manoma da yawa suka rasa gonakinsu a bashi suka koma noman raba-daidai a gonar wasu, gobara ta cinye tsakiyar kasuwar garin a 1941. Sai inji ya zo ya ƙarasa. A 1944, a wata gona kusa da Clarksdale, aka noma auduga aka tsince ta da inji tun daga shuka har girbi, daga nan hannun ɗan'adam ya fara zama ba a bukatarsa. Jama'a suka bi layin dogo zuwa Shikago da sauran biranen Arewa. A 2018 aka rufe sakandaren garin, yaran suka koma Shelby. 

Inda na fi daɗewa a tsaye shi ne gaban asibitin Taborian. Wata ƙungiyar taimakon juna ta baƙar fata ce ta gina shi da kuɗin karo-karon mambobinta, aka buɗe a 1942, a zamanin da baƙar fata in ya je asibitin gwamnati sai dai a kwantar da shi a ɗakin ƙasa in ma an karɓe shi. A lokacin, dala 8.40 a shekara ke ba babba damar kwanciya har kwana 31, masu tsintar auduga ne suka riƙe shi da guminsu tsawon shekaru, a 1983 aka rufe shi. Babban likitan fiɗa na farko shi ne Dakta T.R.M. Howard, wanda a 1951 ya kafa ƙungiyar fafutukar da taronta na shekara ke tara mutum kusan dubu goma a wannan ɗan garin, har Thurgood Marshall, fitaccen lauyan kare haƙƙin baƙar fata, ya zo ya yi jawabi. Suka kauracewa gidajen man da ke hana baƙar fata shiga bayi, suka shiga karantar da mutane yadda za su yi rajistar zaɓe. Medgar Evers, wanda daga baya ya yi fice a fafutukar 'yancin baƙar fata, a nan ya fara aiki a 1952, yana sayar da inshora a kamfanin Howard, yana zaga gonaki yana ganin halin da manoma ke ciki. A 1955, lokacin shari'ar waɗanda suka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, a garin Sumner, mahaifiyarsa a gidan Howard ta sauka, masu gadi da bindigogi suna kewaye, haka shaidu da 'yan jarida baƙar fata a Mound Bayou suka sami mafaka. Daga baya, a tsakiyar shekarun 1960, Dakta Jack Geiger da abokan aikinsa suka kafa cibiyar lafiyar al'umma a nan, ɗaya daga biyun farko a duk Amurka, inda likitoci ke rubuta wa yaran da yunwa ta kama abinci a takardar magani. Cibiyar na aiki har gobe. Fannie Lou Hamer, wadda ta sha duka a kurkuku saboda neman ƙuri'a, a asibitin garin nan ta cika a 1977.

Ka ga inda abin ya fi ci mini rai. Duk waɗannan mutane, abin da suke yaƙi da shi shi ne takardar da wanda ya kafa garin ya sa wa hannu. Kuma da babu garin, da wuya su sami wurin da za su taru dubu goma ba tare da an tarwatsa su ba. Na juya wannan a raina iya juyawa. Ban yarda na biyun ya wanke na farkon ba, domin Montgomery ya rasu tun 1924, bai shirya zuwan Howard ba, bai san za a yi ba. Alherin da ya biyo baya na waɗanda suka yi shi ne.

Wasu iyayen sun so a bar 1890 a gefe, wai yara ne, a bar su da abin alfahari tukuna. Na ƙi, kuma na ji daɗin da na ƙi. A gaban gidan bulon nan na tsayar da su na faɗa musu duka biyun, eka 840 da mutum 123,000. Ɗiyata ta ce, "Baba, to shi mutumin kirki ne ko mugu?" Na ce mata ya yi wa garinsa abin da ba kowa zai iya ba, ya kuma yi wa jama'ar jiharsa cutar da ta shekara saba'in da biyar tana cin su, ta riƙe duka. Manyan cikinsu suka kama gardama da juna, ba su daina ba har muka shiga mota, abin da ban taɓa samu a aji ba.

Mai niyyar zuwa, karanta jawabin Montgomery na taron kafin ka taso, kada ka bari sai ka dawo. Ka zo da lambobin gunduma tare da na gari. Ka sayi mai da abinci a Clarksdale ko Cleveland, don shagunan garin kaɗan ne. Akwai ɗan gidan tarihi a harabar tsohuwar sakandare, ka tuntuɓe su tun kafin ranar don ka tabbatar a buɗe yake. In da hali ka daidaita tafiyarka da 12 ga Yuli, ranar tunawa da kafa garin, lokacin da 'ya'yansa da ke Shikago da sauran wurare kan dawo gida, ko da yake zafin Delta a watan ba wasa ba ne, sai ka tanadi ruwa sosai saboda yara. Idan ka sami dattijo mai son magana, ka gaishe shi da ladabi, ka saurari tarihin asibitin da makarantar tukuna. Maganar 1890 kuwa kada ka buɗe da ita, kakanninsu ne ake zance, su suka fi ka sanin nauyinta.