Harafin da na goge

Gobe zan miƙa makullin ofis, bayan shekara huɗu ina tsara wasiƙun gayyata da katunan mahalarta taro. Cikin duk abin da ya wuce, harafi ɗaya ne ya ƙi barin raina.

A jerin baƙin da za su gabatar da maƙala na ga Mx a gaban wani suna. Na ɗauka yatsa ne ya zame wa mai bugawa. Na dubi sunan, na ce ai wannan na maza ne, na goge x na sa r. Haka ya fita a wasiƙa, a katin ratayawa, har a babban allon zaure. Ranar taro na hango mai sunan a bakin teburin rajista, sun ciro biro suna gyara katin da hannunsu. Ko murya ba su ɗaga ba. Cewa kawai suka yi, "Ni na cike fom ɗin, kuma ba kuskure na yi ba."

Sai da dare na bincika. Ashe Mx, da ake furtawa "miks", laƙabi ne na waɗanda ba su ɗauki kansu namiji ko mace ba, da masu son a bar maganar jinsinsu gefe. Tun 2015 ya shiga ƙamus ɗin Oxford, kuma a Birtaniya hukumar lasisin tuƙi da bankuna irin su HSBC suna karɓarsa.

Washegari shugabata ta wanke ni tas a gaban kowa, har da cewa na zubar wa ofis mutunci. Ita ce fa ta duba jerin bayan na taɓa shi, ta sa hannu. Laifi tudu ne dai. Na yi shiru, na rubuta wasiƙar ban haƙuri da sunana ni kaɗai.

Daga baya na riƙa tunanin yadda zan yi da Hausa ce, inda Malam da Malama, ka da ki, ba sa barin mutum ya zille. Sai na lura muna da mafita tun asali: "ku" na girmamawa ba ya tambayar kowa jinsi, haka Dakta da Farfesa. Tun lokacin, abin da mutum ya rubuta shi nake bugawa. In na yi shakka, waya nake ɗauka in tambaya. Ni na sa aka ƙara gurbin laƙabi da ba komai a ciki a fom ɗinmu, ko da yake a rahoton shekara sunan wata aka sa.

Sauran darussan ƙanana ne: ajiye kwafin komai, kada ka aika saƙo cikin fushi. Kwafin jerin nan mai sa hannun shugabata yana cikin jakata.