Abin da na koya daga matattun rokoki

Duk ɗalibin injiniya da ya ji labarin tarkacen da ke yawo a sararin samaniya, tambayarsa ɗaya ce: me zai hana a kwance injin waɗannan rokoki a ɗaura wa ƙananan kumbuna? Tunani ne irin na makanikan Fanteka, kuma ba laifi, tunda a ƙasa injin kwance ya tayar da motoci da yawa.

Lissafi ne ya fara sanyaya mana gwiwa. Abin da ke zagaya duniya kusa-kusa yana gudun kimanin kilomita 7.8 a daƙiƙa, kuma kowanne da tasa hanyar. Kafin ƙaramin kumbo ya karkata ya riski gawar roka, sau da yawa man da zai ƙona ya fi wanda yake ɗauke da shi. Ko ya isa, zai tarar tana wulwulawa, ba wurin kamawa, batirinta ya daɗe da mutuwa, tanki kuma wayam. Da gangan ake zubar da ragowar man, domin yakan fashe. A Nuwamban 1986 wani ɓangaren rokar Ariane ta ƙasashen Turai ya tarwatse a can sama, ya bar ɗaruruwan ɓaraguzai.

Amurkawa ma sun yi wannan mafarki. Da farko NASA, hukumar sararin samaniyarsu, ta so 'yan sama-jannati su shiga tankin roka bayan mai ya ƙare su mai da shi ɗaki. Daga baya ta ga wahalar ta yi yawa, sai ta gyara tankin tun a ƙasa. Shi ne Skylab, tashar sararin samaniya da aka harba a 1973.

Waɗanda suka fi burge ni su ne Indiyawa. Hukumar sararin samaniyarsu, ISRO, ba ta bi tsohuwar roka ba. Ɓangare na huɗu na rokar PSLV ta ɗauka, ta sa masa faifan sola da batiri da ƙananan bututun iskar gas na daidaita zama tun kafin ya tashi. Idan ya sauke tauraron da aka aike shi da shi, sai ya zama ɗakin gwaji da suke kira POEM, inda jami'o'i da ƙananan kamfanoni ke maƙala na'urorinsu ba sai sun ƙera nasu kumbon ba. Wanda aka harba ranar 30 ga Disamban 2024 ya ɗauki gwaje-gwaje 24, har da ƙwayoyin wake, irin wanda muke dafawa da shinkafa, kuma cikin 'yan kwanaki suka tsiro.

A ganina nan dabarar take: a zauna kan takardar zane a yanke shawarar aikin roka na biyu kafin ta bar ƙasa. Injin ma bai zauna banza ba. Da shi aka sauko da POEM-3, wanda aka harba kafin mai waken, zuwa kusan kilomita 350 daga doron ƙasa, don kada ya daɗe yana tare wa wasu hanya, kuma a Maris 2024 ya faɗo ta saman tekun Fasifik.