Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Muka Mayar da Injin Cikin Jirgi

A makon jiya na tsaya a inda injin jirginmu ya dawo daga wurin gyara a cikin garin Bur Sudan, aka sauke shi daga bayan mota a kan gaɓar tasha, aka lulluɓe shi da tamfol. Lokacin fitar da shi ba mu sha wahala ba, domin makaniki ya warware shi gunduwa-gunduwa a cikin jirgi, muka yi ta fitar da kayan da hannu. Amma yanzu ya dawo a haɗe, har da akwatin giya, wato na'urar da ke kai ƙarfin injin ga farfela, a jikinsa, nauyinsa ya kai kusan kilo 240, kuma makanikin ya ce ba zai sake kwance ko ƙusa ɗaya ba bayan ya gwada shi ya ga yana tashi lafiya.

Jirgin namu mai filafili ne, aikinsa kai baƙi masu nutso zuwa duwatsun murjani na Sanganeb da Sha'ab Rumi, da kuma wurin da jirgin Italiya mai suna Umbria ya nutse a shekarar 1940, dab da bakin tasha. Manyan injinan ɗaga kaya na tashar an yi su ne domin jiragen dakon kaya, kuma kuɗin hayar motar ɗaga kaya ya fi ƙarfin abin da mai jirgin ya ware. Kawuna, wanda shi ne rayyis, wato shugaban ma'aikatan jirgin, ya ce babu buƙatar haya, jirgin da kansa zai ɗauki injinsa. Shi ya taso ne a cikin jiragen katako masu filafili da ake kira sambuk na Sawakin, tsohuwar tashar da kakanninmu suka riƙa tsallakawa zuwa Jidda kafin Turawan Ingila su fara gina Bur Sudan a 1905, kuma a waɗannan jirage da jigo, wato dogon ginshiƙin da ke tsaye a kan jirgi yana ɗauke da filafili, da igiya ake loda kusan kome.

Abu na farko da ya yi shi ne zaɓen lokaci. A wannan gaɓa ta Bahar Maliya iskar arewa ce ta fi yawa, takan kwanta da asuba, ta taso idan rana ta ɗaga, saboda haka ya ce da an idar da sallar asuba za mu fara. Wani sauƙi da Allah ya yi wa wannan yanki shi ne cikar teku da janyewarsa ba su da yawa, tsayin jirgi da na gaɓa ba sa sauyawa sosai a cikin yini, don haka abin da muka auna da yamma shi muka tarar da safe.

Yammacin ranar da ta gabaci aikin gaba ɗaya a kan dubawa ya ƙare. Kawu ya ba ni tsumma ya ce in bi wayoyin ƙarfen da ke riƙe da jigo daga hagu da dama ina shafawa, domin idan silin waya ɗaya ya tsinke zai kama tsumman tun ido bai gan shi ba. Shi kuma ya sauko da igiyar ɗaga babban filafili, ya bi ta taƙi bayan taƙi yana murzawa a tsakanin yatsunsa. Ranar Bur Sudan, wadda zafinta kan haura digiri 40 a tsakiyar shekara, tana cin igiya a ɓoye. Za ka ga igiya da kyan gani, amma idan ka murza ta sai farin gari ya zubo, alamar ta mutu ke nan. Ya yanke wajen kamu biyu daga bakin igiyar inda ta goge, ya cire ƙugiyar ƙarfe mai buɗewa da sauri da ke bakinta, ya ce da ƙulli za a ɗaure, domin ƙulli ba ya buɗe kansa idan wani abu ya taɓa shi.

Tsarin da ya yi shi ne abin da na fi so mai karatu ya fahimta. Sandar kwance da ke riƙe ƙasan filafili ita ce hannun da zai miƙa zuwa kan gaɓa, kamar jigon ban ruwa a lambu. To amma wannan sanda ba a yi ta don ɗaukar nauyi a tsakiyarta ba, kuma siririyar igiyar da ke riƙe bakinta a kullum ba ta wuce ɗaukar sandar da filafilinta ba. Da za a rataya injin a tsakiyar sandar alhali a baki aka riƙe ta, da ta lanƙwashe. Don haka Kawu ya naɗa ɗamara mai faɗi a daidai wurin da za a rataya kayan, ya ɗaure igiyar ɗaga filafili a saman ɗamarar, ya rataya bakarori, wato ƙananan ƙafafun nan masu kwari da igiya ke bi suna juyawa, a ƙasanta, ya kuma ja ɗamarar da wata igiya zuwa bakin sandar don kada ta zame ta koma wajen jigo. Ta haka nauyi yana bi ta igiya kai tsaye zuwa kan jigo, aikin sandar kawai ta tokare kayan a waje.

Na tambaye shi, "Kawu, ku gafarce ni, shin wannan igiya ɗaya za ta iya?" Sai ya tsuguna ya zana mini lissafin da alli a kan siminti. Daga sandar zuwa kan jigo kimanin mita 15 ne, wurin ratayar kuma mita 5 daga jigo. Igiyar za ta ji nauyin injin da ɗan ƙari kaɗan, sandar kuma za ta ji matsi na kashi ɗaya cikin uku, wajen kilo 80, yana tura ta zuwa mahaɗarta da jigo. Jigon ne zai ɗauki kusan ninki biyu, domin igiyar ta hau ta waje ta sauko ta cikinsa, kuma duka ɓangarorin biyu ƙasa suke danna shi. Ya ce, "Ɗana, wannan danniyar ita jigo ya saba da ita. Abin da ba ya so shi ne a fizge shi gefe." Duk da haka ya ƙara igiya ta biyu daga kan jigo, ya ɗaure ta a wuri ɗaya da ta farko, saboda tsaro.

 Mun haɗa bakara biyu a sama, biyu a ƙasa, igiya ta zama layi huɗu, wanda ke nufin kilo 240 ya koma kamar 60 a hannun mai ja, sai abin da gogayya ta ƙara, amma sai ka ja mita huɗu kafin kaya su tashi mita ɗaya. Bakin igiyar muka kai kan winci, wato gangar ƙarfen nan da ake juyawa da hannu don jan igiya, muka naɗa sau huɗu. Shi kuwa injin, ta kunnuwan ƙarfe biyu da kamfani ya yi masa don ɗagawa muka kama shi, da igiya mai tsayi, domin idan reshe biyun suka buɗe da yawa har suka kai digiri 120 a tsakaninsu, kowannensu nauyin injin gaba ɗaya yake ɗauka, ba rabi ba. Babu mai ko ruwa a cikinsa.

Da gari ya waye Kawu ya raba aiki: ni a kan winci, mutum biyu riƙe da igiyoyin da ke hana sandar lilo, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, makaniki kuma da igiyar da ke daidaita injin kansa. Ya kafa sharaɗi cewa muryarsa kaɗai za a ji, sai dai kalmar "tsaya", wadda kowa ke da ikon faɗa, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin kaya ko ya sa hannu tsakanin injin da wani abu.

Na fara juya winci, igiya ta miƙe, amma injin bai motsa ba. Jirgin ne ya fara karkata zuwa gaɓa, tsofaffin tayoyin da muka rataya a gefensa suna kuka, sai da karkatar ta daidaita da nauyin sannan injin ya rabu da ƙasa. Da ya tashi kamar taƙi ɗaya Kawu ya ce a tsaya. Ya bar shi yana rataye, ya zagaya ya ɗora tafin hannu a kan wayoyin da ke ɗaya gefen, waɗanda suka ɗaure tamau, ya duba mahaɗar sanda, ya ɗaga kai ya tabbatar igiya ba ta fita daga kwarin bakarar kan jigo ba. A ganina wannan tsayuwa ita ce mafi muhimmanci a aikin duka, domin abin da zai tsinke gara ya tsinke injin yana dab da ƙasa.

Shigo da shi ya fi ɗagawa wuya. Tun da jirgi a karkace yake, sandar waje take son komawa, sai na baya ya ja a hankali, na gaba yana saki kaɗan-kaɗan ba tare da ya bari igiyarsa ta yi sako-sako ba. Yayin da injin ke matsowa tsakiya jirgin yana miƙewa, nauyin jan yana raguwa, kuma a nan ne kaya kan kufce su yi lilo idan na gaba ya yi sakaci. Muka tsayar da sandar daidai saman ƙofar sauka cikin jirgi, muka ɗaure ta ta ɓangarori biyu.

Saukewa kuwa da tafin hannu ake yi: hagu a kan naɗin igiyar da ke jikin winci, dama tana saki a hankali, ana lura kada wani naɗi ya hau kan ɗan'uwansa ya cije. Ƙofar ta yi wa injin kaɗan a kwance, saboda haka makaniki ya sunkuyar da shi, akwatin giya ya fara shiga, muka kare gefen ƙofar da katako da tsohon bargo. A ƙasa an shimfiɗa katakai masu kauri, a kansu ya sauka, daga nan muka tura shi baya da ƙaramar bakara mai sarƙa har ya zauna a kan ƙafafunsa huɗu, kafin iskar arewa ta taso.

Saura daidaita shi da sandar farfela, aikin da ake auna shi da siraran ƙarafa masu kaurin takarda, wanda ya ci mana sauran yinin har da washegari. Shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.