Fim ɗin awa tara da takardar da na sa wa hannu

Wata biyar da ɗora ni kan leburori a wajen aikin gini wani abokina ya matsa min sai na kalli The Human Condition. Na ce haba malam, fim ɗin Japan, baƙi da fari, awa tara da rabi? Masaki Kobayashi ne ya yi shi kashi uku daga 1959 zuwa 1961, sati guda na yi ina binsa bayan isha'i.

Kashin farko ne ya tsaya min a rai. Kaji, wanda Tatsuya Nakadai ya fito a matsayinsa, ba ya son yaƙi, to don kar a kai shi soja sai ya karɓi aikin kula da ma'aikata a wata mahaƙar ƙarfe a Manchuria, yankin ƙasar Sin da ke hannun Japan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana ganin ai idan shi ne a wurin zai hana duka, zai gyara musu abinci. Sai aka kawo masa fursunoni 'yan Sin a tarago, yunwa ta gama da su, aka kewaye su da waya mai lantarki. Manya na ganinsa maƙiyi, fursunoni na ganinsa ɗan Japan kawai. Ranar da aka zo fille wa wasu kai yana tsaye a wurin, sai da takobi ya sauka kan mutum uku sannan bakinsa ya buɗe.

Wallahi nan na tsayar da fim ɗin. Don ni ma akwai ranar da oga ya ce a yanke kuɗin yini na wani dattijo mai kwaɓa siminti saboda ya makara, alhali na san yaronsa ya kai asibiti, na yi ta gunaguni a zuci amma na sa hannu. Da yamma Baba ya ƙirga kuɗinsa sau biyu, ya ce "ba komai ɗana", ya tura keke ya tafi. Ni da nake ganin kaina mai tausayi, ashe tausayin nawa bai kai bakin biro ba.

Yanzu tun kafin takarda ta iso nake magana, a gaban oga, ko da murya na rawa. Wani lokacin a ji, wani lokacin a ce in kama kaina.

Duk wanda aka ɗora kan mutane don Allah ya nemi fim ɗin nan ya kalla har kashi na uku, inda Kaji ke tafe shi kaɗai cikin dusar ƙanƙara yana kiran matarsa Michiko.