Azarar Kakanmu Ta Koma Sama

Da katangar gabas ta gidan kakanmu da ke Yakasai ta zube a ruwan Agusta, taron 'yan uwa bai ɗauki minti goma ba: a rushe gidan duka, a kawo bulo da rodi. Ni kaɗai na ce a dakata. Ba son tarihi ya sa ni ba, kuɗin siminti ne ya tsorata ni.

Na nemo wani tsohon magini daga Dala. Ya shiga soro, ya ɗaga kai, ya ƙwanƙwasa azara da sandarsa.

"Ɗana, wannan namijin giginya ne. Gara ba ta cin sa. In ka zubar, ba ka ƙara samun irinsa a kasuwa."

Muka sauke rufin ɗakuna biyu a hankali, muka jera azarar a tsakar gida, muka datse bakin da ya ruɓe a cikin bango. Tubalin da ya zube kuwa aka farfasa shi, aka jiƙa, aka zuba ciyawa, yara suka tattake, aka sake dunƙula shi. Da can daga kududdufan unguwa ake haƙo ƙasar gini. Yanzu an cike da yawansu an yi gini a kai, sai dai ka sayi tifa daga bayan gari, ga tamu a kwance kyauta.

Ina son falo mai faɗi, ita kuwa azara ba ta wuce wajen ƙafa shida ba tare da abin da zai tallafe ta ba. Magabata da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, suke maganin wannan, kamar yadda ake gani a Gidan Makama. Mu sai muka gitta ƙarfe biyu, muka jera tsohuwar azarar a kai. Banɗaki da kicin da bulo muka yi su, fandishon ma siminti ne.

Inda na yi wauta shi ne zaure. Na ce a yi masa filasta da siminti don in huta da yaɓe. Baba magini ya ce, "Ƙasa tana numfashi, kada ka toshe mata hanci." Na yi kunnen ƙashi. Damina ɗaya, danshi ya maƙale a ciki, filastar ta kumbura ta ɓalle kamar ɓawon gyaɗa, har da naman bangon. Sai da muka kankare muka koma makuba ta ɓawon ɗorawa. Rufin kuma laso aka yi masa: katsi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, daga marinar Ƙofar Mata, gashin jima daga majema, da dafara, wani tsiro mai danƙo. Neman katsin kaɗai ya ci mini mako uku.

Yanzu duk shekara kafin ruwan farko sai an hau an duba indararo, an toshe tsaga. 'Ya'yan Baba duk Adaidaita Sahu suke ja, shi kuma gwiwa ta fara ba shi wuya. Bana yana ƙasa yana nuni da sanda, ni ina sama da bokiti.