Abin da aikin John Lomax ke koya wa mai tattara waƙoƙin gargajiya

Wanda ya zauna ya nazarci faya-fayan da John Lomax, Ba'amurke mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya naɗo a jihohin kudu na ƙasar Amurka zai gane cewa ɗaukar murya rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne rubutun da ke rakiyar faifan.

Littafinsa na waƙoƙin kaboyi ya fito a 1910. A ciki yakan tsinto baiti daga bakin wannan, ya haɗa da na wancan, ya fitar da waƙa guda mai daɗin karatu ba tare da ya faɗi wa ya ba shi wane ba. Mai bincike a yau ba shi da hanyar warware wannan ɗinki.

A 1933 ya fita da ɗansa Alan, suna yi wa Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka aiki. Na'urarsu ta kai kilo 143, a bayan mota aka girka ta, da batir take aiki. Allurarta tana danna layi ne a kan faifan alminiyam, kuma fuska ɗaya 'yan mintuna kawai take ɗauka, don haka doguwar waƙa sai dai a datse ta ko a juya faifai ana tsakiyar rerawa. Batir kuwa in ya yi sanyi, faifan yakan rage gudu. Ranar da aka kunna shi da gudun da ya kamata, sai muryar ta siranta, waƙar ta yi sauri fiye da yadda aka rera ta. Wajen saurare ma akwai doka: allurar ƙarfe tana cinye layin, sai ta itace ko ta ƙaya.

Gidajen yari ya fi nufa, bisa tunanin cewa rediyo bai gurɓata waƙoƙin fursunoni baƙaƙen fata ba. A kurkukun Angola da ke jihar Luwiziyana ya haɗu da mawaƙi Lead Belly, wanda ke ɗaure a can, a shekarar. Lomax ya samo waƙoƙin aiki na gaske, mai bayarwa da 'yan amshi, saran gatari yana riƙe musu kari. Sai dai wanda ke rerawa gandiroba na tsaye a kansa ba ya da ikon cewa a'a, kuma ba kowane baiti zai yarda ya furta ba. Dole mai saurare ya sa wannan a lissafi.

Tafiyar 1939 ta fi tsafta, kuma matarsa Ruby Terrill ce silar hakan. Ita ke rubuta sunan mawaƙi, garinsu, ranar ɗauka da sunan waƙa a jikin rigar kowane faifai, ta kuma ajiye bayanan tafiyar. Shi ya sa ake iya bin sawun mawaƙa sama da 300 da aka naɗa a wannan zagaye.